Tikitin Da Na Zaɓa Wa Baffa

Ku yi haƙuri da shiruna, 'yan uwa. Na ga saƙonninku. Na ga masu tambaya ko an sa rana, na ga wadda ta ce ita dai a turo mata hoton anko da wuri don ta fara tari. Yau zan ba ku amsa, sai dai ba irin wadda kuke jira ba ce.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Ummukulthum, a Karu muke zaune, Abbana yana da shagon shadda da atamfa a kasuwar Wuse. Wanda nake so sunansa Muktar, ɗan Yola ne, yana aiki a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja. Maraya ne tun yana ƙarami, yayan mahaifinsa, Baffa Muhyiddeen, shi ya riƙe shi har ya zama mutum.

Sau biyu Muktar yana cewa manyansa na tafe, sau biyu ana fasawa. A na biyun Umma har ta jiƙa shinkafar waina. To Abba ba mutum ne mai yawan magana ba. Ranar ya kira ni falonsa, yana cire agogo yana ajiyewa a kan tebur, bai ko dube ni ba ya ce, "Ki gaya wa yaron nan, in watan nan ya mutu ban ga manyansa ba, kada in sake ganin motarsa a ƙofar gidana. Ni ba abokin wasansa ba ne."

Na gaya masa. Ya kira Yola, ya roƙa, ya lallaɓa, har Baffa ya amince zai zo shi da Kawu Ɗangoggo, ƙanin mahaifiyar Muktar. Sai Muktar ya ce ba zai bar tsofaffi su sha wannan doguwar hanyar ba, jirgi zai saya musu, zuwa da komawa.

A ƙaramin falonmu muka sayi tikitin, wata la'asar, ni ina kan kafet da doguwar rigata ta shan iska, shi yana kan kujera da kofin zoɓo a hannu. Wayarsa ta ƙi buɗe shafin kamfanin, sai ya miƙo mini katinsa ya ce in yi da tawa. Irin kamfanonin nan ne masu arha, waɗanda ko ruwa sai ka saya a cikin jirgi. Farashi uku suka jero, na ƙasa, na tsakiya, na sama, kowanne da launinsa. Na ƙasan kore ne shar, har da ɗan tauraro a gefe yana kiran mutum.

"Ɗauki na tsakiyar," in ji Muktar.

"Saboda me? Jirgi ɗaya ne fa. Sama ɗaya za su bi, tare za a sauke kowa."

"Baffa ne fa, Ummu."

"To Baffa akwati zai zo da shi? Babbar riga ce ɗaya, hula, carbi. Kwana biyu kawai. Kana da lefe a gabanka, kana da hayar gida a garin nan, kuma kana so ka yi wa kamfanin jirgi kyauta?"

Ya yi dariya, ya girgiza kai. "Tun ba ki shigo ba kin fara riƙe mini aljihu."

"In ban riƙe ba wa zai riƙe?"

"To ranki ya daɗe, yadda kika gani."

Wallahi a lokacin daɗi na ji. Ji na yi na zama matar gida, mai hangen nesa, irin wadda miji zai riƙa ba abokai labarinta. Akwai wani ɗan akwati a ƙasa da ake dannawa a ce an yarda da sharuɗɗa, rubutun ƙanana kamar tururuwa. Ni da nake cinye littafi mai kaurin bulo ba tare da na ɗaga kai ba, waɗannan 'yan layukan ban karanta su ba. Na danna. Na sa lambar wayata. Aka turo tikiti.

Ana jibi tafiya Muktar ya kira ni, muryarsa wani iri.

"Ummu, duba min, nawa ne nauyin kayan da aka yarda su ɗauka?"

"Wane kaya kuma?"

"Baffa ya tara kaya. Huhun goro, kwandon kifi banda, jarkar zuma, man shanu, kilishi, katan-katan na alawa. Dada ma ta ƙara da nata." Dada ita ce mahaifiyarsa.

Sai a lokacin na koma na duba. 'Yar jakar hannu kawai, wadda za ta shiga ƙarƙashin kujera. Duk abin da ya wuce haka sai an biya daban, kuma kuɗin da za a biya wa wannan lodin ya fi ƙarfin abin da muka yi tattali nesa ba kusa ba. Na ce masa ko za a mayar da tikitin na tsakiya. Na gwada. Ba a canzawa. Ba a mayar da kuɗi. Ba a sauya rana, ba a sauya suna. Ko kujera ba ka zaɓa, inda suka jefa ka nan za ka zauna.

"To ka gaya wa Baffa gaskiya mana," na ce.

"In ce masa me? In ce na saya masa tikitin da ko kwando ba a yarda ya riƙe ba? Mutumin da ya sayar da shanunsa ya kai ni jami'a?"

Abin da ya gaya masa shi ne, wai jirgi ba ya ɗaukar irin waɗannan kayan, doka ce. Baffa ya ce to jirgin ya kama gabansa, shi ba zai shiga gidan mutum neman 'yarsa hannu rabbana ba. Akwai maƙwabcinsu da zai shigo Abuja da motarsa, za su biyo shi da kayansu. In an gama, tunda ba sauran kaya, sai su koma ta sama.

Muka ce alhamdu lillahi, an samu mafita. Kun ji wauta? Har hamdala muka yi.

Ranar Asabar gidanmu ya tashi da ƙamshi. Umma tana kan tandar waina, ɗankwali ɗaure a goshi, tana ba da umarni kamar kwamanda. Miyar taushe na tafasa, ga farfesun kan rago, ga sinasir an lulluɓe da farin kyalle. Yaya Hafsah, yayata da ke aure a Kubwa, ta zo tun da safe tana tace kunun aya tana tsokanata. An shimfiɗa sabon kafet a falon Abba, an turara shi har hayaƙi na fita ta taga. Ni kuma ina ɗaki ina goge atamfata mai ruwan zuma da mayafinta, wadda Abba da kansa ya zaɓo mini daga shago.

Wayata ta yi ƙara. Saƙo daga kamfanin jirgi.

Na karanta, na sake karantawa, dutsen guga na zaune a kan zanin gado har ya fara ƙauri. Cewa suka yi, tunda fasinjojin ba su hau jirgin zuwa ba jiya, an soke na komawar ma gaba ɗaya, kamar yadda sharuɗɗan wannan aji suka tanada. Har da godiya a ƙarshe, wai sun gode da muka zaɓe su.

Na tura wa Muktar. Shiru. Sai ga shi yana rubutu, ya goge, ya sake.

"Kar ki gaya wa kowa."

"Muktar gobe ne fa tafiyar."

"Na sani. A gama yau tukun. Please Ummu, kar ki ɓata mana ranar nan."

"Mu sayi wani yanzu?"

"Na duba, na safen ya cika. Ina da aboki a filin jirgi, Ebenezer, zai gyara. Ki kwantar da hankalinki."

Na so in je in faɗa wa Umma. Na kai bakin kicin, na tarar tana dariya da maƙwabciyarmu, fuskarta na sheƙi da gumi da murna, tana cewa yau dai Allah ya yi. Na juya na koma ɗaki.

Bayan azahar suka iso. Ta labulen tagar ɗakina na leƙa. Baffa dogo ne siriri, fari, cikin babbar riga fara sol, yana tafiya a hankali kamar ba ya son ya dami ƙasa. Tsohon shugaban makarantar firamare ne. Kawu Ɗangoggo kuwa gajere, mai tumbi, hularsa a karkace, tun daga bakin get ake jin dariyarsa. Aka yi ta shigo da kaya, Umma tana leƙe ta kicin tana cewa, "Kai, mutanen nan sun san girma."

Ban ji duk abin da aka tattauna ba. Na dai ji an shafa fatiha, na ji guɗar Yaya Hafsah ta tsaga gidan. Abba ya ba su ni. Bayan sallah babba za a ɗaura.

Aka ce in je in gaishe su. Na ja mayafi har hanci, na durƙusa daga bakin ƙofa. Baffa ya amsa a nutse, ya sa mini albarka da 'yan kalmomi. Kawu Ɗangoggo ne ya ƙi bari in tashi.

"A'a, amarya, matso in ga wadda ta hana ɗana cin abinci. Alhaji, ashe haka kuke ɓoye kaya masu kyau a Abuja, ku bar mu da na shago?"

Abba da ba ya dariya sai da ya murmusa.

"Kin san albarkacinki gobe zan hau jirgi?" in ji Kawu. "Tunda uwata ta haife ni ban taɓa hawa ba. Na gaya wa duk 'yan majalisarmu a Jimeta. Na ce wa Muktar ni dai a ba ni bakin taga, in ga Binuwai daga sama, in gani ko da gaske take da girman da take mana fankama da shi."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, a cikin mayafi.

Washegari da safe Umma ta haɗa tukuici: dubulan, alkaki, cincin, turaren wuta, turamen atamfa na Dada, duk a cikin wata ƙatuwar jaka. Ta ce Yaya Hafsah ta kai musu filin jirgi, ni kuma in raka ta in yi musu sallama. Na kalli jakar nan, na san ko tikitin na raye ba za ta shiga jirgin ba. Na ɗauke ta na kai mota. Duk hanya ina tura wa Muktar saƙo.

"Ebenezer ya gyara?"

"Wayarsa a kashe. Ina ta kira."

"To yanzu fa?"

"Zan yi wa ma'aikatan magana a kantar tikiti. Mutane ne ai."

Mun same su a layi. Kawu ya ci sabuwar shadda ruwan toka, sai waige-waige yake yana kallon rufin ginin. Da layi ya zo kansu Muktar ya yi saurin shiga gaba, ya sunkuya, ya fara yi wa ma'aikaciyar magana da Turanci ƙasa-ƙasa. Christina aka rubuta a ƙirjin rigarta. Ta danna na'ura, ta girgiza kai, ta amsa masa da Turanci, ita kuwa ba ƙasa-ƙasa ba. Ya sake roƙo. Ta sake girgiza kai. Mutanen baya suka fara tsaki.

Abin da Muktar ya manta shi ne, wanda ya fara koya masa Turancin yana tsaye a bayansa.

Baffa ya matso, ya dafa kantar da dogayen yatsunsa. "'Yata, kina jin Hausa?"

"Ina ji kaɗan, Baba."

"To maimaita da Hausa, don ɗan'uwana ma ya ji."

Ta dubi Muktar, ta dubi Baffa. "Baba, wannan tikiti ya mutu. Ku ba ku shiga jirgi ranar Juma'a ba, so na komawa ma ya tafi. Da na tsakiya ne ko na sama, zan iya gyara maka yanzu-yanzu. Amma wannan shi ne na ƙarshe a arha, ba a taɓa shi. Ko oga na ba zai iya ba. Sorry, Baba."

Baffa ya ɗauke hannunsa daga kantar. Ya juya a hankali ya kalli layin da ke gefenmu. Wata mata ce ake ɗora mata kaya a sikeli: manyan akwatuna, da buhu, da wani kwali da aka naɗe da leda, doya na leƙowa ta gefe. Ya daɗe yana kallo.

"Muktar."

"Na'am, Baffa."

"Ka ce mini jirgi ba ya ɗaukar kaya."

Muktar ya sunkuyar da kai.

"Waccan baiwar Allah, a ka za ta ɗauki nata ta bi jirgin da gudu?"

"Baffa, ka yi haƙuri, akwai na yamma, akwai kujeru a na sama, yanzu zan saya..."

"Kada ka sake kashe ko kwabo a kaina." Bai ɗaga murya ba, wallahi da ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Da ka ce mini, Baffa, ƙarfina bai kai ba, ga abin da na iya, da na sa maka albarka. Ni na san abin da ake biyan ma'aikaci. Amma ka dube ni ka yi mini ƙarya, ka kawo ni gaban jama'a, gaban surukaina, yarinya ta karanta mini matsayina."

Bakina ya buɗe. Na rantse muku ya buɗe. Maganar tana kan harshena: Baffa, shi na tsakiya ya ce, ni ce na ƙi. Sai Muktar ya ɗago ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan. Kuma ta yaya yarinyar da aka bayar jiya za ta tsoma baki tsakanin uba da ɗa, a tsakiyar mutane? Na haɗiye.

Yaya Hafsah ta durƙusa har ƙasa. "Baffa, don Allah ku zo mu koma gida, ku huta, gobe sai a san abin yi."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ki gaida Alhaji. Hanyar da ta kawo mu ba ta rufe ba."

Maƙwabcin da ya kawo su ya riga ya wuce Kaduna. Baffa ya ƙi shiga motar Muktar, ya ƙi tamu, ya tari tasi ya ce a kai su tashar Nyanya. Kawu Ɗangoggo ya tsaya baya kaɗan, ya karɓi jakar tukuicin daga hannuna, ya leƙa ciki.

"Dubulan! To ai ni na ci riba." Ya rage murya. "Amarya, share hawayen nan. Fushin Malam na kwana biyu ne, ni na san shi. Jirgi kuma yana nan, ba gudu zai yi ba. Sai dai 'yan majalisa za su ci ni da dariya, wannan kam ba makawa."

Ya tafi yana jan jakar, yana ɗingisa ƙafarsa mai ciwon gwiwa.

Muktar ya bi su a baya har Nyanya. Ya ce mini yana tsaye yana kallo Baffa ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya biya musu mota, bai ko waiwaye shi ba. Baffa ya bar wa Kawu kujerar gaba saboda gwiwarsa.

Muna cin abincin rana wayar Abba ta yi ƙara. Na ji ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya miƙe tsaye, cokali ya faɗi. A Uke ne, ko Keffi ba su kai ba. Tifa ce mai ɗauke da yashi birki ya ƙwace mata, ta hau kan gaban motarsu. Direba da Kawu Ɗangoggo ko shurawa ba su yi ba. Baffa ya karye a ƙugu da haƙarƙari, an kwashe shi zuwa wani asibiti a Keffi.

A ranar aka binne Kawu, a can Keffi, garin da bai san kowa ba. Abba yana cikin waɗanda suka sallace shi. Ni ina ɗaki a ƙasa, na cusa mayafi a baki don kada Umma ta ji irin kukan da nake yi, ta gane ba na suruka ba ne kawai.

Yaya Hafsah ce ta shigo ta rufe ƙofa, ta tsaya a kaina.

"Ke kika sayi tikitin nan ko?"

Na ƙara cusa fuska a mayafi.

"Na ga irin kallon da kuka yi wa juna a filin jirgi. Ummu, ke ce?"

Na gyaɗa kai.

Ta zauna a bakin gado. Ta rage murya. "To ki ji ni da kyau. Kwanan mutum ba ya wuce ranarsa, ko a sama ko a ƙasa, wannan kowa ya sani. Amma mutane ba da wannan za su yi miki hisabi ba. Ki rufe bakinki. Ko Umma kada ta ji."

Da muka je duba Baffa, Dada ta riga ta iso daga Yola ita da Kauthar, ƙanwar Muktar, wadda a da muke hira kullum a waya, har launin anko muka gama zaɓa tare. Na sa hijabi mai duhu har ƙasa, ko kwalli ban sa ba. Asibitin na warin magani da fitsari, 'yan jinya sun shimfiɗa tabarmi a baranda, kuloli da bokitai ko'ina. Baffa yana kwance fuskarsa ga bango. An ce tun da ya farfaɗo bai yi wa Muktar magana ba, in ya shigo ma rufe ido yake yi.

Na durƙusa na gaida Dada, na yi mata ta'aziyyar ƙaninta. Ta amsa wa Umma, ni ba ta amsa mini ba. Idanunta sun kumbura. Ba fuskata ta kalla ba, ƙafafuna ta kalla, ta daɗe tana kallo. Muna juyawa na ji wata tsohuwa a cikin danginsu ta ce, ba ta ko rage murya ba, "Daga kai gaisuwa an ɗauki gawa. In an kawo ta gidan kuma sai wa?" Wata ta amsa, "Farar ƙafa ai ba a goshi ake rubuta ta ba."

Umma ta ji. Ta damƙe hannuna har ƙashi, ta ja ni waje.

A barandar Muktar ya tare ni. Ya rame cikin 'yan kwanakin nan, rigar jikinsa tun ta ranar ce, gemunsa ya yi buzu-buzu.

"Zan faɗa musu," na ce. "Ba zan iya ba, Muktar. Baffa yana ƙin ka a kan abin da ni na yi."

"Ba ki ji abin da suke cewa ba? Yanzu zargi ne kawai. In suka ji da hannunki a ciki, shi ke nan, Dada ba za ta taɓa yarda ba."

"To kai fa?"

"Ni ɗansu ne, duk daɗewa za su yafe mini. Kuma ƙaryar ai ni na yi ta, ba ke ba." Idanunsa suka ciko. "Sunanki ba zai fita daga bakina ba, Ummuna. Ki riƙe wannan."

Na riƙe. Da shi nake tashi, da shi nake kwana. Na ce a raina, duk littattafan da na karanta ban taɓa haɗuwa da namiji kamar wannan ba. Abba kuma kullum sai ya rufe shago da wuri ya tafi Keffi da abinci, ya zauna da Baffa, ya dawo. A gida kuwa 'yan uwa sun fara zuwa da nasu. Gwaggona ta Katsina ta kira Umma ta ce gara a janye tun da mutunci, kafin su su fara janyewa. Umma ta ce ba inda za a janye, 'yarta ba ta kashe kowa ba. Tana faɗa tana shafa kaina, ni kuwa ina jin kamar in nutse.

Ɗazu bayan la'asar ina ninke kaya, saƙon murya ya shigo daga Kauthar. Tun rasuwar ba ta yi mini magana ba. A ƙasa ta rubuta: "Ki ji da kunnenki. Abbanki ma yana wurin."

Na danna.

Hayaniyar ɗakin asibiti ce, ƙarar fanka, wani yana tari. Sai muryar Dada, tana kuka tana magana. Tana cewa Baffa ya rantse ba zai karɓa wa Muktar aure ba, ba zai sake taka masa gida ba, ita kuma ta rasa ƙani, ba za ta rasa ɗa ba, shi Muktar ya dubi girman Allah ya gaya mata me ya shiga kansa, shi da ba ta taɓa saninsa da rowa ba. Ta ce in bai faɗa mata gaskiya ba, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba.

Shiru. Fanka na ta juyawa.

Sai muryarsa. Muryar nan da na sani ko cikin barci.

"Dada, ni na tsakiya na ce a saya. Wallahi na tsakiya na ce. Ita ce ta ce a ɗauki mai arhar."

Wata ta yi salati. Wata ta ce, "Ba na faɗa ba?" Sai na ji an ja kujera, na ji muryar Abbana, a sanyaye, yana cewa, "To. Allah ya ƙara sauƙi. Ni zan koma." Saƙon ya ƙare.

Ban yi kuka ba. Abin ya ba ni mamaki. Na zauna a bakin gado da rigar da nake ninkewa a cinyata. Ba ƙarya ya yi ba, kun gane? Ko kalma ɗaya bai ƙara ba. Na yi ta neman inda zan tsaya in ji haushinsa, na rasa, kuma duk da haka wani abu ya mutu a ƙirjina wanda ban san sunansa ba.

Ina nan zaune na ji ƙarar get, na ji motar Abba ta shigo. Bai tsaya amsa sannu da zuwan Umma ba. Na ji ƙofar falonsa ta buɗe.

Wayata ta haska. Muktar.

"Ina bakin layinku. Na biyo bayan Abba. Don Allah ki fito ko minti ɗaya, kafin ki shiga wurinsa."

Wani saƙon ya sake shigowa. "Uwata ce, Ummu. Ya kike so in yi?"

Daga falo Abba ya kira, da cikakken sunan da ba ya kirana da shi sai magana ta kai magana.

"Ummukulthum."

Na ja mayafina. Na fito tsakar gida, get yana hannun hagu, falon Abba yana dama. Umma tana tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu, tana kallona, ba ta san komai ba tukuna. Wayar ta fara ruri a tafina, sunansa na haskawa.

Na kashe ta gaba ɗaya, na miƙa wa Umma, na cire takalmina a ƙofar falon.

"Na'am, Abba. Ga ni."